Farautar Brian Laundrie bayan mutuwar Gabby Petito

Farautar Brian Laundrie bincike ne da hukumomin tsaron Amurka suka yi daga 17 ga Satumba zuwa 20 ga Oktoban 2021 domin gano wani matashi ɗan shekara 23, bayan ɓatan Gabrielle Petito, wadda aka fi sani da Gabby, 'yar shekara 22 da aka yi musu baiko da shi. An tsinci gawarta a jihar Wyoming ranar 19 ga Satumba. Shi kuwa sai bayan fiye da wata guda aka tsinci ƙasusuwansa a wata fadama a jihar Florida, kusa da inda ya ajiye mota tun ranar farko. Ana yawan kafa misali da wannan lamari wajen nazarin abin da ke faruwa idan miliyoyin mutane suka tsoma baki a binciken 'yan sanda ta intanet: a neman yarinyar gudummawarsu ta yi rana, a neman saurayin kuwa galibi ƙura suka tayar.

Asalin lamarin

Su biyun sun san juna tun suna sakandare a tsibirin Long Island na jihar New York. An yi baikonsu a Yulin 2020, suna zaune a gidan iyayen Laundrie a garin North Port na Florida. Ranar 2 ga Yulin 2021 suka kama hanya daga New York a wata farar mota ƙirar Ford Transit Connect ta 2012 da suka gyara cikinta ya zama wurin kwana, da nufin zagaya gandayen dajin yammacin ƙasar suna ɗora hotuna a Instagram da YouTube.

Ranar 12 ga Agusta wani mutum ya kira 'yan sanda a garin Moab na jihar Utah, ya ce ya ga namiji yana marin mace. 'Yan sanda suka tare motar. A bidiyon kyamarar da ke ƙirjin jami'an, wanda ya haura awa ɗaya, an ga Petito tana kuka tana ɗora wa kanta laifi, shi kuma yana magana a natse. Jami'an suka ɗauka ita ce ta fara kai hannu, ba su kama kowa ba, suka raba su na dare ɗaya: shi a otal, ita a mota. Wani bincike mai zaman kansa da aka fitar a Janairun 2022 ya ce sun tafka kurakurai ba da gangan ba, ciki har da rashin ɗaukar bayani daga wanda ya kira su.

An ga Petito da rai na ƙarshe ranar 27 ga Agusta a garin Jackson na Wyoming. A ranar ce mahaifiyarta ta sami saƙo daga wayarta inda aka kira kakan yarinyar da sunansa na yanka, abin da uwar ta ce 'yarta ba ta yi. Ranar 30 ga Agusta wani saƙon ya sake shigowa cewa babu sabis a Yosemite, gandun da ke can jihar California. Ranar 1 ga Satumba, da misalin ƙarfe 10:26 na safe, na'urar karanta lambar mota ta ɗauki farar motar tana shiga North Port. Laundrie ya tuƙo ta fiye da kilomita 3,000, shi kaɗai.

Yadda ya kuɓuce

Sai ranar 11 ga Satumba mahaifiyar Petito ta kai cigiya ga 'yan sandan gundumar Suffolk a New York. A daren 'yan sandan North Port suka je gidan su Laundrie, iyayensa suka miƙa musu bayanin lauyansu, suka ce da shi za a yi magana. Aka ɗauke motar domin bincike.

A nan ne dokar Amurka ta ɗaure wa 'yan sanda hannu. Gyara na biyar na kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba kowa damar yin shiru, kuma shirun ba hujja ba ne a kotu. Baligi yana da 'yancin ya yi tafiyarsa ba tare da ya gaya wa kowa ba, don haka ɓatan mace 'yar shekara 22 ba laifi ba ne sai an ga alamar laifi. Babu gawa, babu shaida, motar ma an dawo da ita. Ranar 15 ga Satumba 'yan sanda suka ayyana Laundrie a matsayin wanda suke son jin ta bakinsa, matsayin da ba ya ba da ikon kamu ko hana tafiya. Abin da ya rage musu shi ne sa ido, kuma sun kafa kyamarori a kewayen gidan.

Sa idon ne ya ci tura. Ranar Litinin 13 ga Satumba suka ga Laundrie ya fita a wata mota ƙirar Ford Mustang. Ranar Laraba 15 ga wata motar ta dawo, wani mai hular hana-sallah ya fito ya shige gida, suka rubuta cewa ya dawo. Ashe mahaifiyarsa ce ta je ta ɗauko motar daga bakin gandun Myakkahatchee Creek, inda ya bar ta. Washegari shugaban 'yan sandan garin, Todd Garrison, ya faɗa wa manema labarai cewa sun san inda yake. Sai a ƙarshen Oktoba kakakin rundunar ya amsa kuskuren, ya ce uwar da ɗan suna da kamannin ƙira. Iyayen sun kai rahoton ɓatansa ranar 17 ga Satumba, da farko suka ce Talata ya fita, daga baya suka gyara suka ce Litinin. Kwana huɗu ke nan ana gadin gidan da ba ya ciki.

Gano gawar Petito

A Wyoming aikin ya tafi da sauri, kuma a nan ne jama'a suka yi amfani. Wata mata ta bayyana a TikTok cewa ita da saurayinta sun rage wa Laundrie hanya ranar 29 ga Agusta daga Colter Bay, shi kaɗai, ya sauka kusa da madatsar ruwan Jackson Lake. Wasu ma'aurata masu yawon ɗaukar bidiyo kuma suka koma kan tsofaffin faya-fayansu, suka tarar kyamarar gaban motarsu ta ɗauki farar motar a ajiye gefen wata hanyar burji a sansanin Spread Creek da yammacin 27 ga Agusta. Abin da ya sa suka tuna da ita shi ne lambar Florida da ke jikinta, domin su ma daga can suke. Suka aika wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayyar Amurka.

Jami'ai sun riga sun fara bincike a yankin, amma bidiyon ya nuna takamaiman wuri da rana da sa'a. Ranar 19 ga Satumba aka tsinci gawar a dajin Bridger-Teton, ba nisa da inda motar ta tsaya. Ranar 21 ga wata mai binciken musabbabin mutuwa na gundumar Teton, Dokta Brent Blue, ya tabbatar ita ce, kuma kashe ta aka yi. Ranar 12 ga Oktoba ya bayyana cewa shaƙe ta aka yi, kuma ta rasu mako uku zuwa huɗu kafin a same ta.

Sammacin katin banki

Ranar 23 ga Satumba FBI ta sanar da cewa kotun tarayya a Wyoming ta ba da sammacin kama Laundrie. Ba kan kisa ba ne. Tuhumar ita ce ya yi amfani da katin banki da lambar sirri da ba nasa ba tsakanin 30 ga Agusta da 1 ga Satumba, ya ci fiye da dala 1,000. Daga baya aka tabbatar katin na Petito ne. Mutane da yawa sun yi mamakin ƙanƙantar tuhumar, amma dabara ce da masu gabatar da ƙara suka saba da ita. Bayanan banki suna ɗauke da rana da wuri, ba sa buƙatar jiran sakamakon binciken gawa. Sammacin tarayya kuma yana aiki a kowace jiha, kuma daga ranar duk wanda ya ɓoye shi ya shiga laifin ɓoye wanda ake nema. Har ya mutu ba a tuhumi Laundrie da kisa a kotu ba.

Binciken fadama

Daga 18 ga Satumba aka duƙufa kan gandun Carlton Reserve a gundumar Sarasota, mai faɗin eka kusan 25,000, wato kimanin murabba'in kilomita 100, wanda ke manne da ƙaramin gandun Myakkahatchee Creek. Jami'ai fiye da 50 suka fara aikin, da karnuka, da jirage marasa matuƙi, da motoci masu dogayen tayoyi na shiga laka, da kwale-kwale masu farfela a baya, da masu nutso.

Lokacin damina ne a Florida. 'Yan sanda sun ce kusan kashi 75 cikin 100 na gandun yana ƙarƙashin ruwa, a wasu wurare har ƙugu, ga kadoji da macizai. Wannan ruwa ya karya kusan kowace dabara. Kare yana bin ƙanshi ne a ƙasa da ciyawa, ruwa mai tafiya kuwa yana ɗauke ƙanshin ya watsa shi. Kyamarar gano ɗumin jiki da ake ɗaura wa jirgi tana ganin mai rai ne, kuma duhuwar itatuwa tana tare ta. Gawa da ta huce a cikin ruwa ba ta bayyana. Ruwan fadama baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, mai nutso da lalube yake aiki. Laundrie kuma bai tafi da wayarsa ba, don haka babu siginar da za a bi.

Ranar 7 ga Oktoba mahaifinsa ya shiga daji tare da jami'ai ya nuna musu hanyoyin da ɗansa ya saba bi, ba a ga komai ba. Da ruwa ya janye aka sake buɗe ƙaramin gandun ga jama'a ranar 19 ga Oktoba. Washegari iyayen suka koma da jami'ai, cikin ɗan lokaci aka tsinci jakar goyo, da jakar da ruwa ba ya shiga, da littafin rubutu, da ƙasusuwan mutum. Wurin yana cikin yankin da aka riga aka bincika, amma a lokacin ruwa mai zurfin kusan mita ɗaya ya shanye shi. Namun daji sun taɓa ƙasusuwan, don haka da bayanan haƙoransa aka tabbatar shi ne ranar 21 ga Oktoba. Ranar 23 ga Nuwamba aka bayyana cewa harbin kansa ya yi a kai.

Hayaniyar waje

Duk tsawon makonni biyar ɗin, yayin da mutumin yake kwance a fadama, ana ta ganinsa a faɗin ƙasa. Laundrie fari ne mai sanƙo da gemu, siffar da dubban maza ke da ita. An yaɗa hoton wani mai jakar goyo da kyamarar maharba ta ɗauka a arewacin Florida, 'yan sanda suka gano wani mazaunin yankin ne. An yi ta kawo rahoton ganinsa a doguwar hanyar masu tattaki ta Appalachian. A jihar North Carolina jami'an tarayya sun fasa ƙofar ɗakin wani matafiyi a masauki da bindigogi a hannu, suka sa masa ankwa, sai da aka duba zanen yatsunsa aka sake shi. Ya aske gemunsa daga baya. Kama da wane ba ta wane ba, amma kowane irin wannan rahoto sai an tura jami'i ya tantance shi.

Duane Chapman, mai farautar waɗanda suka tsallake beli da ya yi suna a talabijin, ya shigo da tawagarsa a ƙarshen Satumba, ya ƙwanƙwasa ƙofar iyayen, sannan ya koma tsibiran Fort De Soto inda iyalin suka yi zango a farkon watan. Bai samo komai ba. Masu zanga-zanga da lasifika suka yi dandazo a ƙofar gidan dare da rana. A intanet har an yi ta yaɗa cewa yana ɓoye a ƙarƙashin lambun furannin bayan gida. Bidiyoyin da ke ɗauke da sunan Petito a TikTok an kalle su fiye da sau biliyan ɗaya.

Bambancin bayanan Wyoming da na farautar a fili yake. Na farkon sun fito ne daga mutanen da suka kasance a wurin, da faifai mai ɗauke da rana, kuma aka miƙa shi ga hukuma. Na biyun galibi hasashe ne na mutanen da ke kallon hoton wani a waya.

Yawan kulawar ya kuma ta da tsohuwar muhawara kan yadda kafafen labaran Amurka ke rububin labarin ɓatan farar mace matashiya su yi biris da na sauran, abin da 'yar jarida Gwen Ifill ta yi wa laƙabi tun 2004. Wani rahoto da aka fitar a Wyoming a 2021 ya nuna an kai cigiyar mutum 710 daga ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, a jihar tsakanin 2011 da 2020, ba tare da ko ɗaya ya sami irin wannan kulawa ba. Mahaifin Petito da kansa ya roƙi 'yan jarida su riƙa yi wa sauran waɗanda suka ɓata irin wannan hidima.

Rufe bincike da shari'o'i

Ranar 21 ga Janairun 2022 ofishin FBI na Denver ya rufe binciken. Ya ce an sami bindiga kusa da ƙasusuwan, littafin yana ɗauke da rubutun da Laundrie ya ɗauki alhakin mutuwar Petito, kuma bayan rasuwarta ya riƙa aika saƙonni tsakanin wayarsa da tata domin a ɗauka tana raye. Ba a sami hannun wani a kisan ba. Da aka fitar da shafukan a Yunin 2022, an ga ya rubuta cewa ta ji rauni ne ya kashe ta don ya hutar da ita, iƙirarin da iyalanta suka yi watsi da shi.

Ba a tuhumi iyayensa da wani laifi ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Florida ta yanke diyyar dala miliyan 3 kan dukiyar da Laundrie ya bari, ƙarar da iyayen Petito suka shigar kan iyayensa kuma an sasanta ta a Fabrairun 2024. Ƙarar dala miliyan 50 da iyayen Petito suka kai 'yan sandan Moab wani alƙali ya kore ta a Nuwamban 2024, bisa dokar Utah da ke ba hukumomin gwamnati kariya. A 2023 jihar Utah ta wajabta wa 'yan sanda, duk lokacin da aka kira su rikicin ma'aurata ko masoya, su yi wa wanda aka zalunta jerin tambayoyi na auna haɗarin kisa, kamar ko an taɓa shaƙe shi ko yi masa barazana da makami. Florida ta kafa irin wannan doka a 2024.