Waiwaye: Masoyiyar da aka ƙera don kada ta ce a'a

Tun ba a san kyamara ba, Girkawa na da tatsuniyar wani masassaƙi, Pigmaliyon, wanda matan garinsu suka fita masa a rai, ya sassaƙa tasa da hauren giwa, ya kamu da sonta har aka hura mata rai. Ƙashin wannan labari ne masu fina-finan ƙagaggen kimiyya suka kusa shekara ɗari suna yi wa sabon nama: namiji ya ƙera mace daidai son ransa, ya huta da mai bakin mayar da magana.

A fim ɗin Metropolis na Jamus, wanda Fritz Lang ya fitar a 1927 tun fim ba ya magana, wani masanin kimiyya, Rotwang, ya ƙera mutum-mutumi ne don ya maye gurbin Hel, matar da ya so, ta auri wani, ta rasu. Da aka sa wa ƙarfen fuskar wata budurwa, sai ya zama annoba, ya tunzura ma'aikata suka yi wa birninsu ɓarna. A lokacin tsoro ne ya fi yawa. Zuwa 1975, ana tsakiyar gwagwarmayar 'yancin mata a Amurka, The Stepford Wives ya fasa ƙwan: mazan wani gari ne ke musanya matansu da injuna masu shara da girki da murmushi, ba musu ba gardama.

Blade Runner na Ridley Scott, a 1982, shi ya sa mai kallo ya fara tausaya wa abin da aka ƙera. Rachael, macen da aka ƙera a fim ɗin, ba ta ma san ba haihuwarta aka yi ba, don an dasa mata tunanin yarintar wata a ka. Deckard, wanda sana'arsa farautar irinsu ce, ya faɗa sonta. Sai dai akwai inda ya tare mata ƙofa, yana faɗa mata kalaman da za ta maimaita masa. Ana ta sa kiɗa mai taushi, amma ni dai ban ga soyayya a wurin ba.

Daga nan sai reshe ya juye da mujiya, injin ne ke son mutum. A Bicentennial Man na 1999, Robin Williams ya fito a mutum-mutumin da ya yarda ya tsufa ya mutu don a amince da aurensa. Masu kallon fina-finan Indiya kuwa ba su manta mutum-mutumin nan Chitti ba, a Enthiran na 2010: Rajinikanth ya ƙera shi, ya koya masa ji a zuciya, shi kuma bai ga wadda zai so ba sai budurwar ubangidansa, Aishwarya Rai. Sakamakonsa, aka daddatsa shi aka watsar a juji.

Inda labarin ya yi armashi shi ne lokacin da abin da aka ƙera ya fara juya baya. A Her na 2013, Samantha murya ce kawai a cikin na'ura, ba ta da jiki, amma Theodore ya mutu a kanta, har ranar da ta shaida masa cewa tana soyayya da wasu 641. A Ex Machina na 2014, Ava, wata mutum-mutumi da aka tsare a wani gida, ta yaudari wani saurayi, Caleb, ya buɗe mata hanya, ta kulle shi a gidan ta kama gabanta. Wani fim na Jamus da Maria Schrader ta fitar a 2021 ya juya abin: mace aka ba mutum-mutumi namiji ta gwada zama da shi mako uku, kuma abin da ya fara ƙona mata rai shi ne ba ya kuskure, komai ta ce ya yi daidai.

Yanzu zancen ya fito daga majigi. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta taka wa Replika, manhajar da ke ƙirƙira wa mutum abokin hira, burki, kamfanin ya cire hirar shauƙi daga abokan hira na ƙirƙirarriyar basira. Masu amfani da ita suka cika intanet da kuka, wai an wayi gari masoyansu sun sauya musu fuska. A watan Maris kamfanin ya maido wa tsofaffin masu rajista abinsu.