Harfis ba "sanyi" ba ne

Kwanan nan da wuya ka saurari mai tallar magani a rediyo ko TikTok bai ambaci harfis ba, cutar da likitoci ke rubutawa herpes. Sai ya jera ta tare da ƙaiƙayi, farin ruwa da sanyin mara, ya ce kwalba ɗaya za ta wanke su duka cikin mako guda. Wannan cuɗanyar ce ke damuna, domin kalmar "sanyi" ta zama buhun da muke zuba kowace cutar al'aura a ciki.

Harfis ƙwayar bairos ce iri biyu. HSV-1 ita ce ke fito da ƙurajen gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma tana iya sauka al'aura ta hanyar saduwa da baki. HSV-2 kuwa ta jima'i ake ɗaukarta. Sunan herpes daga Girkanci ya fito, ma'anarsa rarrafe. Ƙananan ƙuraje masu ruwa su taso, su fashe, su bar gyambo mai zafi, fitsari ya zama azaba, sannan su warke. Ƙwayar ba ta tafi ba. Ta bi jijiya ta koma kusa da ƙashin baya ta kwanta, tana jiran gajiya ko rashin lafiya ta dawo. A wannan lafawar mai kwalba yake cin kasuwarsa: ƙurji ya ɓace da kansa, a ce magani ya yi aiki. Allurar da ke kashe ciwon sanyi na gaske, mai fitar da mugunya, ba ta taɓa bairos ko kaɗan.

A asibitocin duba cututtukan jima'i, harfis ce kan gaba wajen haddasa gyambon al'aura, kuma masu ɗauke da ita a cikin majinyatan nan sun fi na sauran jama'a yawa. Duk da haka wanda ya je asibiti kaɗan ne daga cikin masu ita. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HSV-2, mata sun kusa ninka maza, kuma Afirka ce ta fi yawan masu ita. Mafi yawansu ba su san suna ɗauke da ita ba, amma suna iya yaɗawa. Saboda haka ƙurjin da ya fito wa matar aure yau bai isa hujjar zarginta ba, ƙwayar na iya shekaru a jikin miji ko nata ba wanda ya sani.

Magani irin asaikulobiya yana rage zafi da yawan dawowar ƙurajen, amma ba ya fitar da ƙwayar. HSV-2 tana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku. Mai ciki da ta ga ƙurji irin wannan, musamman a watannin ƙarshe, ta faɗa wa ma'aikatan awo tun kafin naƙuda, domin jariri na iya ɗauka wajen haihuwa, kuma cutar tana iya kashe shi.