Bolibiya: ƙasar da ke da sojan ruwa amma ba ta da teku

Ina Bolibiya take, kuma yaya girmanta?

Tana tsakiyar Kudancin Amurka, ƙasashe biyar sun yi mata zobe: Barazil ta arewa da gabas, Paraguay da Ajantina ta kudu, Chile da Peru ta yamma. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita miliyan 1, wato ta fi Najeriya faɗi, amma jama'arta ba su wuce miliyan 12 ba. Ta kuɓuta daga mulkin Sifaniyawa ranar 6 ga Agusta, 1825, aka raɗa mata sunan jagoran gwagwarmaya Simon Bolivar. A duk nahiyar, ita da Paraguay kaɗai ne ba su da bakin teku.

Tun asali haka take, ba teku?

A'a, ƙwace mata aka yi. Da can tana da gaɓa ta kusan kilomita 400 a Tekun Pasifik, a hamadar Atacama, inda ake haƙar naitiret, ma'adinin da ake yin takin zamani da albarushi da shi. A 1878 gwamnatin Bolibiya ta ƙara wa wani kamfanin Chile haraji. A watan Fabrairun 1879 sojan Chile suka mamaye garin Antofagasta, yaƙi ya ɓarke, Peru ta shigar wa Bolibiya, aka ci su duka biyun. Yarjejeniyar 1904 ta tabbatar wa Chile yankin, Chile kuma ta gina titin jirgin ƙasa daga tashar Arica zuwa La Paz, ta yarda kayan Bolibiya su riƙa wucewa.

Har yau ciwon bai warke ba. Kowace ranar 23 ga Maris ana bikin Ranar Teku, 'yan makaranta da sojoji su yi maci. Rundunar sojan ruwa kuwa tana nan, tana sintiri a tafkin Titicaca da manyan koguna. A 2013 'yan Bolibiya sun kai Chile ƙara kotun duniya da ke Hague, a 2018 kotun ta ce ba dole ba ne Chile ta zauna ciniki da su kan hanyar teku. Ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa suka taɓa maƙalewa a Kwatano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke damun su.

Wanne ne babban birni, Sucre ko La Paz?

Tsarin mulki ya ce Sucre, kuma can kotun ƙoli take. Shugaban ƙasa da majalisa suna La Paz. Birnin da ya fi jama'a da hada-hadar kuɗi kuwa Santa Cruz ne, can gabas a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi, inda ake noman waken soya da kiwon shanu.

Me ya sa 'yan ƙwallo ke tsoron zuwa La Paz?

Saboda tsayi. Birnin yana kimanin mita 3,600 sama da teku, iska ba ta isar huhun baƙo. A 2007 FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa a irin wannan tsayi, aka yi ta ƙorafi har ta janye. A 2009 Bolibiya ta zura wa Ajantina 6 da 1 a can, Maradona yana koci, Messi yana fili.

An ce ƙasa ce mai arziki. To me ya kawo talauci?

Sai an je Potosi. A 1545 aka gano azurfa a dutsen Cerro Rico, nan da nan garin ya zama ɗaya daga cikin mafi yawan jama'a a duniyar wancan zamani. Azurfar ta tafi Sifaniya, ta biya kuɗin yaƙe-yaƙen Turai, ta kai har Sin. Masu haƙar ta 'yan asalin ƙasa ne da aka riƙa kwasowa daga ƙauyuka ana tilasta musu aiki cikin rami, ga ƙura, ga gubar makuri da ake tace azurfar da shi. Mutane da yawa ba su koma gida ba. An kuma kai bayi daga Afirka, jikokinsu suna nan a kwarin Yungas har yau.

Bayan azurfa sai kuza, wadda 'yan attajirai uku suka mamaye har juyin juya halin 1952 ya mayar da ma'adinan hannun gwamnati. Bayan kuza sai iskar gas. Abin da ke min ciwo shi ne, kowane karo ɗanyen kaya ake fitarwa, ribar sarrafawa tana can waje. Potosi, wadda ta azurta sarakunan Turai, tana cikin yankunan da suka fi talauci a ƙasar, kuma har yanzu mutane na shiga ramukan dutsen nan neman abin sawa a baka.

Su wane ne mutanen ƙasar?

Kaso mai yawa 'yan asali ne, musamman Quechua da Aymara. Yawancin jama'a Kiristoci ne 'yan Katolika. Sai a 2006 aka samu ɗan asali ya hau mulki, Evo Morales, Ba'aymare shugaban manoman ganyen koka. Tsarin mulkin 2009 ya ba harsunan gida 36 matsayin harshen hukuma tare da Sifaniyanci. Talauci ya ragu sosai a zamaninsa da kuɗin gas, amma ya dage sai ya zarce karo na huɗu, rikicin zaɓen 2019 ya sa ya sauka.

Litiyam zai iya fitar da su?

Filin gishiri na Uyuni ya haura murabba'in kilomita 10,000, shi ne mafi girma a duniya, kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗimbin litiyam da ake yin batirin waya da motar lantarki. Gas yana raguwa, a 2023 aka shiga fama da ƙarancin dala da dogon layi a gidajen mai, shi ya sa ido ya koma can. Sai dai ruwan gishirin Uyuni yana da wuyar tacewa, damina tana hana shi saurin bushewa, kuma Chile da Ajantina sun yi wa Bolibiya nisa a kasuwar. A 2019 mutanen Potosi sun fito zanga-zanga kan wata yarjejeniya da wani kamfanin Jamus, suna cewa kasonsu ya yi kaɗan, har gwamnati ta soke ta.