Wai me ya hana a bar kowa ya riƙe bindiga kamar Amurka? Ga abin da dokar Najeriya ta ce

Duk ranar da aka wayi gari da labarin an shiga wani ƙauye a Giwa ko Kajuru ko yankin Birnin Gwari an kwashe mutane, kafin azahar za ka ga maganar ta dawo a Facebook da majalisun shayi, wai a bar kowa ya sayi bindiga kawai kamar yadda ake yi a Amurka, kowa ya tsare gidansa. Haka aka yi bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, haka aka yi lokacin ɗaliban Kuriga a Maris 2024. Ni ban ga laifin mai faɗin haka ba, wanda aka taɓa karɓar kuɗin fansar ɗan'uwansa ba za ka zo kana masa dogon turanci ba. Amma da yawan masu maganar ba su san abin da dokarmu ta ce ba, kuma ba su san dalilin da ya sa ta Amurka ta zama yadda take ba.

Dokar da ke kula da bindiga a ƙasar nan tsohuwa ce, tun 1959 aka yi ta, kafin ma a ba mu 'yanci, kuma har yau ita ce ke aiki da 'yan gyare-gyare. Ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattu, wato bindigogin yaƙi irin su AK-47, mashinga, roka, gurneti, bam, har da fistol da libarba. Ka lura fa, fistol ɗin nan da ake gani ƙarama a saka a aljihu tana layi ɗaya da roka a wajen doka. Waɗannan shugaban ƙasa ne kaɗai zai iya ba mutum lasisinsu, ba gwamna ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba, balle DPO. Kuma dokar ta ce duk bindigar da ba a ambata a sauran kashi biyun ba to ta faɗo cikin wannan kashin, shi ya sa fam-akshin, wato bindigar farautar nan da ake ja da hannu ta sake ɗuri, da ake gani a hannun wasu 'yan sintiri da masu gadi take da matsala, don kashi na biyu ya cire duk bindigar farauta mai ɗura kanta ko mai wani inji na sake ɗuri. A 2018 ma Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya sa ta cikin jerin waɗanda ya ce a tattaro a miƙa wa 'yan sanda.

Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da ta wasan harbi, da mai aiki da iska. Lasisin waɗannan daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa. Na uku kuma namu ne na gida, bindigar toka, adaka, harba-ka-ruga, duk dai wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ita wannan a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha take, shi ne da amincewar gwamna zai iya cewa a yanki kaza ba a riƙe ta sai da lasisi.

Abin da ya fi komai muhimmanci a dokar jimla ɗaya ce, ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Ko ka cika duk sharuɗɗa ana iya hana ka, ana kuma iya ƙwacewa bayan an ba ka. Sannan akwai waɗanda dole a hana su: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai matsalar gani, mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta taɓa kamawa da laifin tashin hankali ko barazanar yin sa cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da ta dace da shi, don haka wanda aka samu da harsasai zalla a cikin buhun masara ba zai ce ai babu bindiga a wajena ba.

Hukuncin kuwa ba wasa. Haramtacciyar bindiga ba lasisi, mafi ƙaranci shekara 10 ne a gidan yari. Ta kashi na biyu har zuwa shekara 5. Ga kuma dokar fashi da makami ta 1984, ta zamanin mulkin soja, wadda ita ma ta tanadi shekara 10 ko tarar naira 20,000 ko duka biyun kan riƙe bindiga ba izini (naira 20,000 ɗin nan a wancan lokacin kuɗi ne masu nauyi, yau ko buhun shinkafa ba za ta saya ba), in kuma fashi aka yi da ita to hukuncin kisa ne. Ƙerawa ma haka, maƙerin da yake haɗa bindiga a bayan gida ba izini laifi yake yi. Masana'antar ƙera makamai ta gwamnati ai a garin nan na Kaduna take, DICON ta Kakuri, tun 1964.

Sai maganar gwamnoni. Mutane na yawan cewa ai gwamna kaza ya ce kowa ya nemi bindiga. Gaskiya ne an faɗa, Masari ya faɗa a Katsina a 2021, gwamnatin Matawalle ta fitar da sanarwa a Zamfara a Yuni 2022 har da cewa za a raba fom, Ortom na Binuwai ya nemi a ba 'yan sa-kai na jiharsa lasisin AK-47 bai samu ba. Matsalar ita ce kundin tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. Don haka maganar gwamna a taron manema labarai ba lasisi ba ce, in aka kama ka ba za ka nuna wa alƙali bidiyon jawabin gwamna ya sallame ka ba. Na Zamfara ma nan take 'yan sanda suka ce ai an dakatar da ba da lasisi, kuma a 2023 Sufeto Janar Egbetokun ya sake sanar da dakatarwar a ƙasa baki ɗaya.

To ina ruwan al'ada a nan? Ai ita ce gindin maganar. Amurka bindiga ce ta haife ta, manoma da mutanen gari ne suka haɗu da nasu makaman suka yaƙi sojan Ingila, sai tsoron gwamnati mai ƙarfi ya zauna musu a rai, a 1791 suka rubuta 'yancin riƙe makami a cikin kundin tsarin mulkinsu, shi ne gyara na biyu. A 2008 kotun ƙolinsu ta ce wannan 'yanci na mutum ɗaya ɗaya ne, yana iya ajiye fistol a gida don kare kansa, a 2022 kuma ta ƙara da cewa har fita da ita waje. Wato a can gwamnati ce za ta kawo hujjar hana ka, a nan kai ne za ka kawo hujjar a ba ka. Mu tamu dokar gadon Turawan mulkin mallaka ce, kuma su ba don su kare talaka suka tsara ta ba. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasels kan a hana shigo wa 'yan Afirka bindigogin zamani, a bar musu masu ɗurin baki, su kuwa suka shigo Kano da Sakkwato a 1903 da mashinga. Ka duba kashi ukun nan da kyau za ka ga tsarin bai canja sosai ba, babba ta hukuma, matsakaiciya ta mai hali da hanya, ta toka ta talaka.

Mu kanmu a ƙasar Hausa bindiga ba kayan kowane gida ba ce a da. Ta maharba ce da mafarauta, su ma suna da Sarkin Baka da tsarinsu, sai kuma ta fada, waɗanda suke harba ta sama ranar hawan sallah a Zariya hayaƙi ya turnuƙe yara na ihu. Manomi fartanya da adda da gora ya sani, ko kwari da baka. Ka kwatanta da Yaman, inda a yankunan ƙabilu namiji yake rataya bindiga kamar wani ɓangare na suturarsa.

Ƙididdigar da cibiyar Small Arms Survey ta Jeniba ta yi kan shekarar 2017 ta nuna Amurka na da bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato kusan 120 ga kowane mutum 100, sun fi mutanen ƙasar yawa. Yaman ce ta biyu da kusan 53. Najeriya an ƙiyasta miliyan 6 da ɗoriya, kamar 3 ga mutum 100, kuma mafi yawansu ba rajista. Yanzu ka ji abin da masu cewa a kwaikwayi Amurka ba sa kawowa: a 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Ba ɗan fashi ba, ba ɗan ta'adda ba, mutum ne ransa ya ɓaci cikin dare ga bindiga a durowa. Ga harbin makarantu, Sandy Hook a 2012 yara 20 da manya 6, Uvalde a 2022 yara 19 da malamai 2, kuma duk da haka dokar ba ta wani motsa sosai ba saboda rabin ƙasar na ganin taɓa bindiga taɓa 'yancinsu ne. In kura na maganin zawo ai sai ta yi wa kanta.

Wasu ƙasashen da irin wannan ya same su kwana suka yi nan take. A 1996 wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotilan ya kashe yara 16 da malamarsu, zuwa 1997 Birtaniya ta haramta fistol kusan gaba ɗaya. A 1996 ɗin dai aka kashe mutum 35 a Port Arthur ta Ostireliya, gwamnatin John Howard ta tsaurara doka ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Niyu Zilan, bayan an kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar wata Juma'a a Maris 2019, ko wata ɗaya ba a yi ba majalisa ta haramta bindigogin nan masu kama da na soja. Japan kuwa sai ka yi aji, ka ci jarrabawa, likita ya duba lafiyar ƙwaƙwalwarka, 'yan sanda su binciki tarihinka da na gidanku, har wanda ya kashe tsohon firaminista Shinzo Abe a 2022 da kansa ya haɗa tasa. Suwizalan ita kuma tana da bindigogi da yawa don maza na yin aikin soja su tafi gida da bindigarsu, amma kisa kaɗan ne, saboda akwai horo da rajista da bin doka.

Abin da ya haɗa Birtaniya da Ostireliya da Japan shi ne mutum ya yarda in ya kira 'yan sanda za su zo. Da wannan yardar aka karɓe bindigar daga hannunsa. Mu kuma a nan ne gizo ke saƙa, an ba mu doka irin ta Ingila, amma mutumin ƙauyen da ke bayan Buruku ko Kidandan zai kira waya maharan su gama abin da suka zo yi su tafi da shanu kafin a ga fitilar mota. Kundin tsarin mulkin da ya hana gwamna ba shi bindiga shi ne ya ce a sashe na 14 tsaron jama'a da walwalarsu shi ne babban aikin gwamnati. Dokar da ake da ita ba ta hana ɗan ta'adda samun AK-47 ba, ta kan iyaka take shigowa musamman tun bayan rushewar Libiya a 2011, wasu kuma daga rumbun jami'an tsaro suke sulalewa, wanda dokar ta fi kamawa shi ne manomin da ya sayi ƙirar gida don tsoro. Wannan rashin adalci ne ƙarara kuma ya kamata a faɗe shi.

Amma duk da haka in ka tambaye ni a buɗe wa kowa, zan ce a'a, musamman a Kaduna. Duk wanda ya ga Zangon Kataf a 1992, ya ga rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011, ya san abin da aka yi da adda da fetur da bindigar toka kawai, har garin ya rabe wasu suka koma ƙetaren gada wasu suka dawo nan. Ka ɗauka a ce a ranakun nan kowane gida a Rigasa da Tudun Wada da Sabon Tasha da Television akwai bindiga mai sarrafa kanta. Ga faɗan siyasa, ga 'yan sara-suka, ga ƙwaya a hannun matasa, ga rikicin gona. Kuma an ga yadda ta kaya da 'yan sa-kai a Zamfara, an fara da kare kai aka ƙare da ramuwar gayya kan wanda bai ji ba bai gani ba, abin ya ƙara rura wutar. Abin da ya fi kama hankali a wajena shi ne a gyara dokar 1959 ɗin, a buɗe lasisin kashi na biyu da na uku ga ƙungiyoyin tsaron gari masu rajista irin su KADVIS, 'yan sintirin gwamnatin jihar Kaduna, da mafarauta, kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe ta da inda take kwana, da sa hannun mai unguwa da hakimi da DPO, wanda ya yi ɓarna da ita a san ƙofar da za a buga.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa, 'yancin kare kai daban, lasisin bindiga daban. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki da dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa daidai gwargwadon barazanar da ke gabansa, ba wai ka bi ɓarawo yana gudu ka harbe shi a baya ba. Sai dai ko kotu ta yarda kare kanka ka yi, tana iya juyowa ta tambaye ka takardar bindigar, wannan kuma shari'a ce ta daban. Haka wanda ya gaji mai baki biyu daga mahaifinsa, lasisin da sunan marigayi yake, ba ya shiga rabon gado kamar gona, kuma lasisi yana da wa'adi, wanda aka karɓa shekaru da yawa baya ba a sabunta ba takarda ce kawai. Aron ta ga maƙwabci ko sayar da ita hannu da hannu shi ma laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. In irin wannan na rataye a ɗakin tsohonku, ku samu lauya tukuna ya raka ku hedikwatar 'yan sanda a yi abin a rubuce, kada mutum ya naɗe ta a buhu ya hau babur shi kaɗai ya ci karo da shingen bincike a hanya.