Ɗaukar hoto a lokacin kaka a ƙasashen sanyi

Ɗaukar hoton kaka wani ɓangare ne na sana'ar hoto da ya shafi daji da duwatsu da dabbobi da kuma harkokin mutane na yau da kullum a watannin da ganyen itatuwa ke canza kala kafin ya zube. A Turai da Arewacin Amurka da Japan lokacin yana kamawa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, a irin su Ajantina da New Zealand kuwa daga Maris zuwa Mayu. Abin da ya bambanta shi da sauran hotuna shi ne ƙurewar lokaci, don a wuri ɗaya kalar ba ta cika wuce sati ɗaya ko biyu tana kan ganiyarta ba, iska mai ƙarfi ta dare ɗaya ma za ta iya kakkaɓe komai.

Dalilin canjin kala

Idan yini ya fara gajarta sanyi ya fara shigowa, itace yana daina yin sinadarin klorofil wanda shi ke sa ganye kore, to sai ruwan ɗorawa da ruwan goro da dama can suna cikin ganyen su bayyana. Ja kuwa daban ne, sabon sinadari ne da ake kira antosayanin wanda ganyen ke haɗawa daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma ya fi fitowa idan ana rana sosai sannan dare ya yi sanyi amma ba har ƙanƙara ba. Shi ya sa wata shekara daji ya yi jawur, wata shekarar kuma sai ya tafi kai tsaye zuwa ruwan ƙasa. A ƙasashen arewacin duniya canjin yana farawa daga arewa da kan tsaunuka sannan ya gangaro, a Japan misali tun tsakiyar Satumba ake gani a tsaunukan Daisetsuzan na Hokkaido amma Kyoto sai wajen rabin Nuwamba zuwa farkon Disamba.

Tarihi a taƙaice

Hoton baƙi da fari bai iya riƙe kaka ba, sai da hoto mai kala ya zo. Wasu 'yan'uwa Faransawa da ake kira Lumière sun fitar da Autochrome, wata hanyar ɗaukar hoto mai kala, kasuwa a 1907, Kodak ta kawo fim ɗin Kodachrome a 1935, sannan Velvia na Fujifilm a 1990 wanda masu hoton daji suka rungume saboda yadda yake ƙara wa ja da kore ƙarfi. Yanzu dai galibi da waya ake ɗauka.

Haske da kayan aiki

Nan ne aikin yake gaskiya. Mutane da yawa suna ɗauka rana tsaka ce ta fi, alhali ita ce ke kashe kalar, ganye ya yi ta ƙyalli kamar leda, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Masu sana'ar sun fi son sassafe da kuma la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ƙasa, kuma sukan tsaya ne su fuskanci ranar yadda hasken zai ratso ta bayan ganyen, a nan za ka ga har jijiyoyin ganye ɗaya-ɗaya da ɗan ramin da tsutsa ta ci. Ranar da gari ya yi lumshi ko aka ɗauke yayyafi ma tana da kyau sosai a cikin daji, sai dai a cire sararin sama daga hoton don fari fat zai fito.

Akwai wani filta da ake ɗaura wa a bakin kyamara ana juya shi da yatsa, folaraiza, yana cire ƙyallin jiƙaƙƙen ganye da na ruwa, kuma gyaran hoto a kwamfuta ba ya iya yin wannan aikin daga baya. Sai abin ɗora kyamara mai ƙafa uku saboda hasken asuba kaɗan ne. Hazo yakan kwanta a kan tafki da kwari da asuba bayan dare mai sanyi marar iska, da rana ta ɗaga ya tafi. Sanyi yana shanye batir da wuri, sannan idan aka shigo da kyamara mai sanyi ɗaki mai ɗumi tururi yana kama gilashin, gara a bar ta cikin jaka ta ɗumama tukuna. Wani abin da ke ɓata hotunan kaka a intanet shi ne ƙara kala fiye da kima har ja ya koma dunƙule ɗaya babu zanen ganye, wannan kam asara ce.

Dabbobi

Kaka lokacin barbarar barewar Turai ce. A gandun Richmond da ke Landan akwai barewa sama da 600, daga Satumba zuwa Nuwamba mazan suna ruri suna karo da ƙahoni, numfashinsu na fita kamar hayaƙi a sanyin safiya, kuma hukumar wurin ta ce a tsaya nesa da su aƙalla mita 50. A gandun dajin Yellowstone na Amurka dokar ita ce kusan mita 23 daga baunar daji da manyan barewa, mita 91 daga beyar da kyarkeci. Don haka ake amfani da gilashi mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 600, ga tsuntsu mai tashi kuma saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko ma ya fi haka sauri.

Tsuntsayen da ke barin Turai a wannan lokacin wasunsu Sahara suke tsallakowa su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da yankin tafkin Chadi, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu, kenan mai kyamara a Dagona ta jihar Yobe yana ɗaukar ƙarshen tafiyar da wani ya ɗauki farkonta a Jamus ko Holan.

Harkokin yau da kullum da cunkoso

Ba daji kaɗai ba ne. Akwai tsinkar inabi a Faransa, tulin kabewa a bakin gonaki a Amurka kafin ƙarshen Oktoba, mai shara yana tara ganye a gefen titi, yara da rigunan sanyi a hanyar makaranta. Irin waɗannan sun fi daɗewa a rai fiye da hoton dutsen da dubban mutane suka ɗauka daga wuri guda, sai dai a nemi izinin mutum kafin a saita masa kyamara, balle yara.

Cunkoson ya zama matsala ta gaske. Wurin ibada na Tofuku-ji a Kyoto ya hana ɗaukar hoto a kan gadojinsa lokacin ganiyar kaka a 2016 saboda turereniya, garin Pomfret na jihar Vermont kuma ya rufe hanyar Cloudland ga baƙi na wasu makonni a 2023 bayan masu neman hoton wata gona sun riƙa tare hanya da motoci suna shiga filayen mutane ba izini.