Firinta a kunne, Excel ya ce bai gan ta ba: tambayoyi da amsoshi

Ina da ɗan shagon buga takardu a Agege, kuma yawancin masu zuwa wurina 'yan kasuwarmu ne na Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda suke ajiye lissafin kaya da na bashi a Excel. Ƙarshen wata ne hankali ya fi tashi: ana son a fitar da takarda a kai wa maigida, sai a nemi firinta a rasa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, firintata a kunne take, amma na danna Ctrl da P ban ga sunanta ba. Excel ɗin ne ya lalace?

Da wuya, Alhaji. Excel ba ya ajiye sunayen firintoci da kansa, Windows yake tambaya, abin da aka ba shi kuma shi yake nuna maka. Saboda haka ka buɗe Notepad, ka rubuta kalma ɗaya, ka danna Ctrl da P. In a can ma babu ita, to ka ƙyale Excel, matsalar tana tsakanin firinta da Windows. Ka shiga Settings ka nemi Printers & scanners ka duba ko tana cikin jerin. In kuma bayan ka buɗe Excel ne ka jona ta, rufe shi gaba ɗaya ka sake buɗewa. Sau da yawa iyakar maganin ke nan.

Ni jerin nawa wayam ne, ko ɗaya babu. Me ya faru?

Wannan ita ce wadda na fi gani a Legas, kuma wuta ce ke jawo mafi yawanta. A cikin Windows akwai wani ɗan aiki da ba a gani, sunansa Print Spooler. Shi ne kamar yaron shago mai karɓar takardu yana jera su layi, yana miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Idan ana tsakiyar bugawa aka ɗauke wuta, ko janareta ya yi tari ya mutu, takardar da ke kan layi takan lalace ta maƙale. Sai ya zama duk lokacin da Spooler ya tashi ya ci karo da ita, ya sake faɗuwa. Shi kuwa in ya tsaya, duk firintocin kwamfutar ɓacewa suke yi a lokaci guda. Alamar da nake ganewa da ita: a Windows 10 da 11 akwai wata firintar da ba ta ƙarfe ba, Microsoft Print to PDF. In har ita ma ta ɓace, kusan kullum Spooler ne.

Ga yadda ake tashinsa. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta services.msc, ka gangara har ka ga Print Spooler, ka danna Stop in yana tafiya. Sai ka buɗe wannan wurin: C:\Windows\System32\spool\PRINTERS. Goge abin da ke cikinsa, amma kada ka goge shi kansa. Waɗannan ba takardunka na asali ba ne, kwafin da ke jiran layi ne kawai, lissafinka yana nan inda ka ajiye shi. Koma ka danna Start, ka tabbata an sa shi a kan Automatic don ya riƙa tashi tare da kwamfuta. Sannan ka sake buɗe Excel.

In ya tashi ya sake mutuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi alhali wurin babu komai, to manhajar wata firinta ce ke kayar da shi, sai a cire ta a sa sabuwa.

Tawa ta Wi-Fi ce. Jiya ta yi aiki, yau babu ita.

Tambayar da nake fara yi, Hajiya, ita ce ko an kashe na'urar intanet ɗin tsakanin jiya da yau. Na'urar ce ke raba wa kowane abu lambar adireshi, kuma in ta mutu ta taso tana iya ba firinta wata lambar daban, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ki cire firintar daga Printers & scanners ki sake ƙara ta. Ki kuma duba ko kwamfutar ba ta koma kan intanet ɗin wayarki ba, domin dole su biyun su kasance a layi ɗaya. Firintoci da yawa kuma layin 2.4 GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin na 5 GHz.

Ra'ayina dai, a shagon da wuta ke zuwa tana tafiya, kebul ɗin USB ya fi kwanciyar hankali. Sai dai a bar shi a rami ɗaya. In ana canja masa rami, Windows yakan ƙirƙiro wata firintar mai suna iri ɗaya da Copy 1 a ƙarshe, mutum ya yi ta aika aiki ga tsohuwar.

Na sayo firinta tokumbo, wato ta hannu, a kasuwar Computer Village, ba faifan manhajarta. Ya zan yi?

Ba ka buƙatar faifai. Kowace firinta tana da manhajar da ke yi mata tafinta da Windows, masu gyara suna ce mata direba. Duba cikakken suna da lambar firintar a jikinta, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Canon ko Epson, ka sauke wadda ta dace da nau'in Windows ɗinka, 64-bit ne ko 32-bit. Ka guji shafukan da ke alƙawarin sa maka direbobi duka a danna ɗaya. Idan kuma a ofis ne kana son jona firintar da ke jikin wata kwamfutar, tun watan Agusta na 2021 Microsoft ya tsaurara: sai mai izinin shugaban kwamfuta, wato Administrator, ne zai iya sa direbanta.

Notepad da Word duk suna ganinta, Excel kaɗai ne ya ƙi.

Yanzu muka zo kan Excel ɗin kansa. Dubi saman takardar. In an turo maka ita ta imel ko ka sauke daga intanet, za ka ga wani zare ruwan ɗorawa mai rubutun Protected View, kuma a wannan hali ba ya barin a buga. In ka amince da wanda ya turo, danna Enable Editing.

In ba haka ba ne, rufe Excel, ka riƙe Ctrl yayin da kake buɗe shi, zai tambaye ka ko ya tashi a Safe Mode, ka ce eh. In firinta ta bayyana a nan, wani ƙarin da aka liƙa masa ne ke hana ruwa gudu, sai a kashe su ɗaya-ɗaya a Add-ins. Ka kuma duba wacce firinta aka naɗa ta farko, domin Excel da ita yake auna faɗin shafi. In wata tsohuwa ce da ba ta shagon, yakan tsaya yana jiranta. Cire alamar Let Windows manage my default printer ka zaɓi taka da hannunka. Na ƙarshe shi ne Quick Repair na Office, wanda ba ya buƙatar intanet.

Mai gyara ya ce sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya. In yarda?

Kada ka yarda, ɗan'uwa, sai an gwada duk abin da na lissafa, domin wankewa na nufin a goge komai a sake sa Windows. Wani dattijo mai sayar da albasa ya taɓa shigowa shagona da kwamfutarsa a cikin buhu, an wanke masa ita saboda firinta, lissafin masu bin sa da waɗanda yake bi duk sun tafi. Ya zauna a kan benci yana ta juya hularsa a hannu, yana ƙoƙarin tuno sunaye. Abin ya tsaya mini a rai har yau. In ma ya zama dole, fara kwashe takardunka a filashi, ka buɗe su a wata kwamfutar ka gani da idonka kafin a taɓa komai.

Mota na jira, yanzu nake son takardar.

Danna File, sai Save As, ka zaɓi PDF, ka tura wa shagon buga takardu mafi kusa ta WhatsApp. Kafin ka yi, sa girman takarda a A4, don wasu kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka a kan Letter suke, sannan ka zaɓi Fit All Columns on One Page don kada layin jimillar kuɗi ya tsallaka wani shafin.