"Ai tsufa ne" ba sunan ciwo ba ne

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Zariya, kuma cikin aikina har da zagayawa da ɗalibai gado-gado suna koyon duba marasa lafiya. Maganar da na fi ji daga bakin masu jinyar tsofaffi ita ce, "Sista, ai tsufa ne." Baba ya daina cin abinci, tsufa ne. Ya faɗi a hanyar makewayi, tsufa ne. Fitsari ya fara kuɓuce masa, nan ma tsufa ne. Abin da ya fi damuna, wani lokaci daga bakin ɗalibanmu nake jin ta.

An taɓa kawo mana wata dattijuwa daga cikin birni, tana ta sambatu, ba ta gane kowa. Ɗanta ya ce gigin tsufa ne ya kama Iya. Na ce, "Malam, yaushe abin ya fara?" Ya ce shekaranjiya, don ranar Juma'a ma da kanta ta lissafa kuɗin cefane. Nan na juya wajen ɗaliban na ce su riƙe wannan amsar da kyau. Gigin tsufa ba ya zuwa dare ɗaya, a hankali yake shiga, wata da watanni, har shekaru. Ruɗewar da ta sauko cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, akwai ciwo a ƙarƙashinta: ko ciwon mafitsara, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko suga ya faɗi, ko wani magani da aka sha. Kuma jikin tsoho sau da yawa ba ya yin zazzaɓi ko da ciwon ya yi nisa, shi ya sa ake sakankancewa a gida. Da aka gwada Iya, ciwon mafitsara ne da rashin ruwa. Ba a yi mako ba ta koma kiran jikokinta da sunayensu.

Sai batun magani, inda nake so ku tsaya ku saurare ni. Tsoho ɗaya, ga na hawan jini daga asibiti, ga na ciwon gwiwa daga kemis, ga na barci da maƙwabciya ta ba shi, ga jiƙe-jiƙe a kwalba. Ƙodar ɗan shekara 75 ba ta tace magani kamar ta ɗan 30. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum saboda ciwon gaɓoɓi suna iya lalata ƙoda, su jawo gyambon ciki, su kuma tada hawan jini. Valium da Piriton suna sa jiri da magagi, sai mutum ya tashi alwalar asuba cikin duhu ya zame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara. In tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori, domin karayar ƙugu tana kwantar da mutum, kwanciyar kuma ita ke haifar da gyambon baya da ciwon huhu. Wanda ya riga ya kwanta, a riƙa juya shi duk bayan awa 2.

Kula da lafiyar tsofaffi fanni ne mai zaman kansa a likitanci. A Ingila, wata likita mai suna Marjory Warren ta karɓi ɗaruruwan tsofaffin da aka fid da rai da su a 1935, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, da yawansu suka miƙe har suka koma gida. A ƙasarmu sai a 2012 aka buɗe cibiyar tsofaffi ta musamman a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma har yau ƙwararrun fannin ba su da yawa. Saboda haka ɗalibin da ke koyon aiki a asibitin Shika ko na Tudun Wada a nan Zariya, ko wane fanni zai bi daga baya, tsofaffi za su cika masa layi. Ina gaya musu su zauna su gaishe da Baba, su yi magana da shi kansa kafin su juya ga 'ya'yansa, su tambaye shi ko yana ji, yana gani, yana iya tauna tuwo, wa ke raka shi makewayi da dare. Su sa shi ya tashi ya taka a gabansu, su auna hawan jininsa a kwance da a tsaye.

Ku kuma 'yan gida, ranar zuwa asibiti ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ku taho da ita. Kuma a zo da wanda yake kwana da shi, don shi zai iya faɗa mana ranar da abin ya fara.